A-kori-kurar Kawuna: Yawon Banza Ne Ko Neman Ilmi?

Ina godiya ga Malam Edita da ya ba ni wannan fili, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A gida ba ni da bakin faɗinta, don yaro ba ya tsoma baki in manya suna magana. Amma tun da yake an ce mujallar nan tamu ce, kuma na san iyayenmu sukan karanta ta ran bikin rabon kyaututtuka, to, bari in amayar da abin da ke cikina. Baba, in idonka ya kai nan, a yi mini afuwa.

Maganar kuwa ta Kawuna ce, wan mahaifiyata, da motarsa.

Duk wanda ya saba bin Tudun Wada, daga Ƙofar Doka zuwa Kongo, watakila ya taɓa cin karo da wata tsohuwar a-kori-kura mai ɗauke da ɗaki a bayanta. Yaran unguwa sun laƙaba mata suna Kunkuru, saboda tana tafe da gidanta a baya, ga ta kuma ba ta sauri. Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna, inda aka fara haɗa motoci a 1975. Kawu makanike ne, ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, ya yi ritaya a 2023. Da kuɗin sallamarsa suka fito sai ya sayi motar a hannun wani mai jigilar tumatir, ya yi wata biyar yana gyaranta, sa'an nan ya kira masu walda suka tayar masa da ɗaki a kan bodin. A ciki akwai katifa, da akwatin kayan aiki, da risho, da gidan sauro, da jarkokin ruwa 4 masu cin lita 25 kowacce. Akwai taga biyu masu raga, a bisa rufi kuma ga faifan sola mai cajin batir, batirin yana ba da fitila da 'yar fanka. A gefe akwai tamfol da ake ja a kafa da sanda biyu, nan take ya zama zaure.

Ran da ya faɗa wa dangi cewa nufinsa ya riƙa shiga ƙasa yana wata ɗaya ko biyu, yana kwana cikin motar nan, sai gida ya ɗauka. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki! Da furfurarka za ka koma kwanan mota kamar yaron direba?" Baba kuwa ya yi magana a hankali, kamar yadda ya saba. Ya ce, "Malam, da fili ka saya a Dakace, ko ka kama shago a bakin kasuwa, da yanzu kana zaune kana cin riba. Wannan ai al'adar Turawa ce, su da kuɗi ya yi musu yawa." Kawu ya yi murmushi kurum, bai ce uffan ba.

Ni dai na bi Kawu a dogon hutun 2025, bayan Mama ta yi kwana uku tana roƙon Baba. Mun yi kwana 41 a hanya. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Ra'ayina shi ne Kawu bai yi wauta ba, ko da yake akwai inda Baba ya fi shi gaskiya, kuma zan faɗi wurin.

Bari in fara da zancen cewa al'adar Turawa ce. Lalle Turawa suna yi. A Amurka har kamfanoni gare su masu ƙera irin wannan ɗaki, a ɗora shi a bayan a-kori-kura, in an dawo gida a sauke shi a kan ƙafafunsa huɗu, mota ta koma aikinta. Malaminmu na Turanci ya ba mu labarin wani marubucinsu, John Steinbeck, wanda a 1960 ya zaga ƙasarsu cikin irin wannan mota, shi da karensa, wajen mil 10,000, don ya ga ya daɗe yana rubutu a kan ƙasar da ya daina sani. Kawu ma ya ce a wurin Turawa ya fara ganin abin. Yana saurayi, a farkon shekarun 1980, sukan keto Sahara ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram, su yada zango a sansanin baƙi na titin Bompai a Kano, waɗansu su biyo ta Zariya da motocinsu buɗu-buɗu da ƙura, jarkoki ɗaure a rufi. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar ne suka kashe wannan hanya a farkon shekarun 1990.

To, amma don Bature ya yi abu, shi ke nan ya zama nasa? Su wa suka riƙa kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar wata da watanni, da madugunsu a gaba, suna kwana a zango, suna dafa abin da suka ɗauko, suna saye da sayarwa a kowace kasuwa don guzuri ya kai? Fatakenmu ne. Har gobe in ka je Kumasi ko Ankara ta ƙasar Gana za ka tarar da unguwannin da ake kira Zango, ana Hausa a ciki. Ba ma sai na je nesa ba. Kakana, mahaifin Kawu da Mama, Allah ya jiƙansa, ta ƙasa ya tafi Makka. Ya bar Zariya a 1952 bai dawo ba sai 1958. Ya hau bayan babbar mota zuwa Maiduguri, ya ƙetara Fort Lamy, wadda aka mayar Injamena a 1973, ya bi ta Abashe ya shiga Sudan ta Jinena. Kuɗinsa suka ƙare, ya tsaya ya yi damina biyu yana tsinkar auduga a gonakin Jazira, inda ya tarar da Hausawa jingim, waɗansu ma jikokin mutanen da suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Da ya tara abin da ya tara sai ya gangara Sawakin, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Gwaggo da kanta take ba mu labarin nan da alfahari, har takan yi ƙwalla. Yaya za a yi tafiyar uba ta zama abin alfahari, ta ɗa kuma ta zama abin kunya? Na san za a ce wancan ibada ce, kuma haka ne. Amma dabarar ɗaya ce: ka tafi a hankali, ka ci da guminka a hanya, kada ka biya kuɗin abin da za ka iya yi wa kanka.

Daɗin daɗawa, mu mutanen Zariya bai kamata mu raina tafiya ba. A nan kusa da mu, a Gaskiya, Alhaji Abubakar Imam ya yi aiki, kuma da ya dawo daga Ingila a tafiyarsa ta 1943 littafi guda ya rubuta, ya sa masa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Akwai shi a laburarenmu, sai dai bangon ya cire.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun Baba, kuma a nan ne nake da abin faɗi da yawa, don ni Kawu ya naɗa ma'aji. Ya saya mini littafi mai shafi 40, ya ce ko ashana aka saya in rubuta.

Abu uku ke cinye kuɗin matafiyi: masauki, da abinci, da abin hawa. Na farko Kunkuru ta kashe shi, ba mu biya ko sisi na kwana ba. Na biyu kuwa, daga gida muka ɗauki shinkafa da wake da garin kwaki da manja da yaji, a hanya sai mu sayi ɗanyen kaya a inda ake noma shi, inda ya fi araha. Ku 'yan'uwana 'yan makarantar kwana, wa zai koya mana wannan? Wanda ya iya jan mudun gari da ƙuli-ƙuli har ƙarshen zango ai ya riga ya ci rabin jarrabawar.

Saura mai, kuma shi ne dodon. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mutane sukan ce wa Kawu, "A wannan marra za ka yi yawo da mota?" Amsarsa ɗaya ce: mota ba ta shan mai sai tana tafiya. Da fari na ɗauka ba'a ce, sai da na duba littafina na gane. Cikin kwana 41 ɗin nan, kwana 12 kaɗai muka tayar da inji. Mun bi ta Kura, da Wudil, da Birnin Kudu, da Dutse, da Gumel, da Maigatari, da Daura, da Kazaure, da Dambatta, muka dawo ta Kano. Duka-duka kilomita 900 ne da 'yan kai, kuma mun sha wajen lita 125. Wanda ya yi wannan zagaye cikin kwana 3 shi ma abin da zai sha ke nan, sai dai shi bai ga kome ba sai kwalta da bayan tirela. Watau nisa ke cin kuɗi, daɗewa ba ta ci. Mai gaggawa shi ne mai asara.

Sauran kwanakin fa, me muke yi? Aiki. Kawu yakan lissafa tafiyarsa da ranakun kasuwa: Wudil ran Jumma'a, Maigatari ran Alhamis, Dambatta ran Lahadi. Mukan isa tun ana gobe kasuwa, mu ja tamfol, mu baje kayan aiki. Kafin hantsi sai ka ga an kawo injin niƙa, da janareta, da injin feshi, da keken ɗinki. Wani ma yakan ce nasa ya fi ƙarfin ɗauka, sai mun bi shi ƙauye, mu yi kwana biyu ko uku a can. Ni ne mai wanke ƙarafa da kananzir da miƙa sifana. Wani ya biya da kuɗi, wani da ƙwan zabi, wani da gero. Da muka dawo na haɗa lissafi, sai na ga kuɗin gyara ya biya mai da cefane. Abin da ya fita daga aljihun Kawu na wata ɓarna ce da muka jawo wa kanmu.

Ga yadda aka yi. Bayan Maigatari an biya mu da buhun gero biyu, Kawu ya ga banza ta faɗi, muka loda, alhali kuwa mun cika jarkoki da ruwa a safiyar nan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, watau ruwa kaɗai kilo 100 ne, ga gero, ga akwatin ƙarafa, ga ɗakin kansa da aka yi da ƙarfe mai kauri. Irin wannan mota kuwa abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba. Muna cikin wata hanyar burji da ruwan sama ya zaizaye, sai muka faɗa rami, ji kake ƙas! Sifirin baya ya karye. Kwana 3 muka yi a wani ƙauye kafin a samo wani daga Kano. Tun kafin wannan ma na lura duk sa'ad da tirela ta wuce mu sai Kunkuru ta yi tangaɗi, don ɗakin ya yi tsawo, nauyi ya koma sama. Da muka dawo Kawu ya rage tsawonsa, ya cire rabin ƙarfen ya sa falanki, ya mai da jarkoki da batir ƙasa, kusa da kan mota. Duk mai sha'awar yin irin wannan ɗaki ya fara auna nauyi kafin ya fara zancen fenti. Kuma kada ya kuskura ya kunna gawayi ko risho a ciki da ƙofa rufe, ko ana sanyin da ya fi na Jos. Malamin kimiyya ya koya mana cewa gawayi yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum yana barci ta wuce da shi.

Amma fa kwana ukun nan su na fi tunawa. Mai gari ya sa aka kawo mana tuwo dare da rana, ya ce baƙon gari ba ya hura wuta. Yaran ƙauyen suka koya mini huɗa da garmar shanu, suna ta dariyar yadda layina ke karkacewa.

A aji an koya mini abubuwa da yawa da na haddace don jarrabawa, ban san da gaske akwai su ba. A Birnin Kudu na tsaya a gindin dutse na ga zanen shanu da mutanen dā suka yi, waɗansu masu dogayen ƙahoni ba tozo, irin da ba mu da su yanzu. A Maigatari na ga raƙuma sun fi a ƙirga, na ga ana ciniki da naira da sefa a shimfiɗa ɗaya, na kuma gane cewa iyakar da muke zanawa da jan biro a taswira, a can gona ce kurum, gero a wannan gefe, gero a wancan. Na ga yadda ƙasa ke sauyawa, daga jar ƙasarmu mai masara zuwa rairayi mai gero da aduwa. A Daura na leƙa rijiyar Kusugu. A can ne kuma na sha tsiya, don na yi subul da baka na ce "motanmu ya lalace", wani dattijo ya ce, "Kai, yaro, Bazazzagi ne kai ko? A garinku mota namiji ce?" Tun daga ran nan Malamin Hausa bai ƙara kama ni da wannan kuskure ba.

Yanzu kuma ga inda Baba ya fi Kawu gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Hanya ba lafiya. Ba wanda ke zaune a jihar Kaduna da zai ce bai san abin da ya faru a hanyar Birnin Gwari ba, ko a dazuzzukan Zamfara da yammacin Katsina, ko harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022. Tsoron da iyaye ke yi ba na banza ba ne. Hanyar da Kaka ya bi ma ta toshe, don tun watan Afrilu na 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan, Jinenar da ya shiga ta cikinta ta ga kashe-kashen da ba su faɗuwa. Kawu yana da buri ya kai Agadas, ya ga inda Turawan nan suke fitowa. A nan ni ma ban goyi bayansa ba. Iyakar Nijar an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris na 2024, sa'an nan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Tsoho ɗaya da tsohuwar mota ba su da abin nema cikin hamada a irin wannan hali. Na san akwai masu ƙarfin hali. Newton Jibunoh ya keta Sahara shi kaɗai da mota a shekarun 1960, ya sake a 2000. A 2024 wata 'yar Nijeriya, Pelumi Nubi, ta tuko 'yar ƙaramar mota daga Landan zuwa Ikko tana kwana a cikinta, amma ita ma ta bakin teku ta biyo, kuma sai da ta yi haɗari a hanya. Ba irin wannan nake nema ba.

Abin da nake cewa shi ne, don waɗansu hanyoyi sun ɓaci ba za mu kulle kanmu a ɗaki mu ce duk ƙasar ta ɓaci ba. Kawu yana da dokoki da bai taɓa karyawa ba. Ba ya tuƙi bayan la'asar. Kafin ya kama kowace hanya sai ya shiga tasha ya tambayi direbobin da suka fito daga can a ranar, ba jiya ba. In sun ce a dakata, ya dakata, in sun ce a sake hanya, ya sake. Ba ya kwana a daji ko a bakin titi. In mun isa gari, gidan mai unguwa muke fara zuwa, ya yi sallama ya faɗi sunansa da sana'arsa da inda ya fito, a nuna mana inda za mu tsaya, galibi kusa da masallaci. Kowace magariba kuma sai ya buga waya gida ya faɗi inda muke. Ban ce wannan ya kawar da haɗari duka ba, tsari na Allah ne. Amma ko fatake ai ba su fasa Gwanja don akwai 'yan fashi ba, madugu suka nema wanda ya san hanya.

Wani abu kuma da zan yarda da shi: ba kowa ya kamata ya yi ba. Magidanci mai ƙananan yara ya bar su da yunwa ya tafi ganin duwatsu, wannan shi ne yawon banza na ainihi. Kawu ya aurar da 'ya'yansa, kuma sai ya cika rumbu yake fita. Ya so Inna ta bi shi, ta ce ita da girmanta ba za ta yi wanka a bayan tamfol ba. Wannan kam ban ga laifinta ba, ni ma abin ya dame ni makon farko.

Ina da roƙo biyu. Na farko ga hukumar makaranta da ƙungiyarmu ta labarin ƙasa. Kowace shekara mukan tara kuɗi mu yi shatar bas, mu tafi Kano da asuba, a zaga da mu Gidan Makama da Dutsen Dala a gurguje, mu dawo da dare a gajiye, rabinmu barci suka yi a hanya. Me zai hana mu yi irin na Kawu? A zaɓi ɗalibai kaɗan da malamai biyu, a ɗauki motar makaranta da tabarmi da tukwane, a rubuta wa makarantun gwamnati na hanya su ba mu aji mu kwana tun da hutu ake yi, mu yi kwana 5 maimakon wuni ɗaya. Man da za a sha kusan ɗaya ne. Ni na ɗauki nauyin riƙe lissafi.

Na biyu kuma ga Baba. Kawu zai tashi a hutun Disamba, za shi Haɗeja da Nguru, lokacin da masu noman rani ke neman mai gyaran injin ban ruwa, lokacin kuma da tsuntsaye ke zuwa fadamun can tun daga Turai suna gudun sanyi. Ya ce kujerar gaba tawa ce in ka yarda. Ka ce a'a sau biyu, ban kuwa yi musu ba. Sakamakon jarrabawata na wannan zango yana hannun Mama. Littafin lissafin nan mai shafi 40 kuma yana cikin akwatina, ƙarƙashin kayan makaranta, ba a kulle yake ba, in kana so ka duba.